Cigiya: matar yayana na neman danginta a Ayalan, ta ina ake farawa?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah 'yan uwanmu mazauna ƙasar Ayalan (Ireland) ku matso kusa, taimako nake nema. Matar yayana Ba'amurkiya ce, a nan Boston aka haife ta, 'ya'yansu uku da shi. Kakar babanta daga Ayalan ta zo tana budurwa, wajajen 1890 da wani abu, ta yi aikatau a gidajen masu hali har ta yi aure. Abin da suka sani a kanta bai taka kara ya karya ba: ana ce mata Delia, daga gundumar Mayo take, kuma 'yar Katolika ce. Sai wani hoto guda da ya koɗe. Yanzu matar ta matsa lallai sai ta kai yaran sun ga garin, in da hali su gaisa da dangin da suka rage. Amma wai ta ji an ce takardun ƙasar duk sun ƙone. Gaskiya ne? Ta ina ake farawa?

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam. Anti, kada ku wahalar da kanku. Ta sayi gwajin DNA na AncestryDNA, ta tofa yawu a kwalba ta aika musu. Cikin 'yan makonni za a jero mata dangi har ta gaji da karantawa. Zamanin tonon tsofaffin takardu ya wuce.

Kawu Na-Manchester:
Mutanen da aka rabu da su sama da shekara ɗari da ashirin su ne dangi? Ni dai ban gane ba. Ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum ka ce kakar ubanka da kakan ubansa nono ɗaya suka sha, to sai me? Ya ba ka shayi, ku ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Wannan yawon buɗe ido ne aka saka wa rigar zumunci.

Ɗalibar Galway:
Barka da war haka Anti Maman Ikram. Maganar gobara gaskiya ce, amma an fi ƙarfinta da zuzutawa. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasarsu, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin ta tashi da wuta. Ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 nan suka tafi, sai 'yan ɓurɓushi. Wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru ma haka, da rajistocin cocin Angilikan masu yawa. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa ba wuta ce ta ci su ba, hukuma ce da kanta ta lalata su tun kafin nan.

Abin da bai ƙone ba shi ne daidai abin da kuke buƙata. Tun 1864 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa na kowa da kowa, kuma ba a can aka ajiye su ba. Suna nan kyauta a irishgenealogy.ie: haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Littattafan baftisma na Katolika a hannun limaman coci suke, ba a hannun gwamnati ba, kuma a 2015 Laburaren Ƙasa ya ɗora hotunansu a intanet har zuwa wajen 1880. Ƙidayar 1901 da ta 1911 cikakku ne, su ma kyauta.

Matsalarku daban ce. "Mayo" ba adireshi ba ne. Karkarar Ayalan a yayyanke take zuwa ƙananan yankuna sama da dubu 60 da ake kira taunlan, wani gida biyar ne kacal a cikinsa, kuma kusan duk takardun da sunan taunlan ko yankin coci suke tafiya. In ba ku san nata ba, za ku tarar da 'yan mata ashirin masu suna ɗaya da shekarun haihuwa kusa da juna, ku zaɓi wadda ba ita ba. Don haka shawarata: ta manta da Ayalan tukuna. A Boston za ta fara.

Maman Ikram:
Ikon Allah. Ni na ɗauka ku da kuke can ne za ku shiga wani ofis ku duba mana.

Ɗalibar Galway:
A'a Anti, mabuɗin yana wajenku. Ta nemo takardar auren Delia. Rajistar aure ta jihar Massachusetts, inda Boston take, tana rubuta sunayen iyayen ango da na amarya. Ta nemo takardar mutuwarta, da sanarwar rasuwa a jarida, sannan ta je maƙabarta da ƙafarta, domin mutanen Ayalan da yawa sun sa an sassaƙa sunan yankin cocinsu a jikin dutsen kabari. Ƙidayar Amurka ta 1900 tana faɗin shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Ta 1890 kada ta ɓata lokaci, ita ma gobara ta lalata ta a 1921.

Abu biyu da za su iya ruɗa ta. Na farko, da wuya ta samu Delia a littafin haihuwa. Yawancin masu wannan suna Bridget aka raɗa musu, a Amurka suka koma Delia, saboda an mayar da sunan Bridget abin yi wa 'yan aikin gida ba'a. A littafin coci kuma da Latin za ta gan shi, Brigida. Na biyu, kada ta dogara da takardar zama ɗan ƙasa, don kafin 1922 matar aure a ƙarƙashin mijinta take shiga, ba ta da tata takardar.

Dabarar da ta fi aiki ita ce bin ƙannenta. Takardun jirgin ruwa na wajen 1890 ba su faɗin abin kirki. Amma daga 1907 sai da kowane fasinja ya faɗi suna da adireshin ɗan uwansa mafi kusa a ƙasar da ya baro, ga kuma layin wanda zai sauka wurinsa. 'Yan matan nan kuwa jan juna suke yi: babba ta tara kuɗin aikatau ta aika wa ƙanwa kuɗin jirgi, ita ma ta jawo ta bayanta. In akwai ƙanwa ko ƙane da ya biyo ta bayan 1907, sunan uban da taunlan ɗinsu na kan takardarsa.

Abu Hafsat:
Duk wannan dogon zagaye, alhali yawu kaɗan ya isa?

Ɗalibar Galway:
Malam Abu Hafsat, DNA yana da amfani, ban musa ba. Amma me zai ba ta? Jerin sunayen mutane ɗaruruwa, yawancinsu a Chicago da New York da Ostareliya, su ma neman garin suke yi. Mazauna Ayalan ɗin kansu ba su cika yin gwajin ba, ai sun san inda kakansu yake kwance. Sannan lissafi: ita tattaɓa-kunnen Delia ce. Tsakaninta da tattaɓa-kunnen ɗan uwan Delia abin da suke tarayya a kai bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu irin wannan dangantaka gwajin ba ya nuna komai a tsakaninsu. In babanta na da rai, shi za a yi wa, shi ya fi kusa da tushe da hawa guda. Ko an samu wanda jininsu ya haɗu, sai an koma takarda kafin a san ta ina aka haɗu.

Anti Nas:
Sannunku. Ni a Mayo ɗin nake aiki, gidan kula da tsofaffi, bari in sa baki. Kawu, ranka ya daɗe, ban yarda da kai ba. Babu tsohon da nake kula da shi da ba shi da wani a Boston ko Cleveland ko Ingila. Akwai wata tsohuwa da ke ajiye gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta, cike da wasiƙun da gwaggonta ta riƙa aiko wa babanta daga Amurka. In ta buɗe sai ta nuna maka inda aka ninke dala a tsakiya, har yanzu shatin na nan. Da wannan kuɗin aka biya hayar gona, aka sayi saniya, aka sa kwano a rufin gida. Wasiƙun suka tsaya cak bayan rasuwar gwaggon, ita kuma har gobe tana tambayar ko ina 'ya'yan suka shiga. Cigiyar ba ta ɓangare ɗaya ba ce.

A da in mutum zai tafi Amurka, daren tafiyar taro ake yi masa irin na zaman makoki, a ci a sha a yi rawa, da asuba a yi kuka a raka shi, saboda an san ba za a sake ganinsa ba. Mayo tana da mutane kusan dubu 389 a 1841. A ƙidayar 2022, bayan shekara 181, ba su kai dubu 140 ba. Ka bi hanyar ƙauye ka ga kangon duwatsu nan da can, kowanne gidan wani ne.

Kawu Na-Manchester:
Hajiya Nas, na ji. Amma ki faɗa min gaskiya, ba sai mutum ya yi suna ake nemo masa dangi ba? Kennedy ya je Wexford a 1963 aka sha shayi da shi a tsakar gidan kakanni. Obama ya je Moneygall a 2011, sai ga ɗan uwa ya ɓullo, yanzu har wurin shan mai aka sa wa sunansa a bakin babbar hanya. Muhammad Ali ma an kai shi Ennis a 2009 saboda kakan mahaifiyarsa Abe Grady. Biden ya je Ballina a 2023. Kasuwanci ne, suna sayar wa Amurkawa kewar gida. A 2013 ai shekara guda suka ware suna kiran 'yan ƙasashen waje su zo su kashe kuɗi.

Anti Nas:
Kasuwanci akwai, Kawu, wa ya ƙi kuɗi? Amma na Obama ba ƙirƙira aka yi ba, a littafin coci aka samu gidan su Falmouth Kearney, ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan mai ɗinkin takalma da ya tafi a 1850. Kuma talakan da ba kowa ba shi ma ana taimaka masa. Akwai ƙungiyar sa-kai, Ireland Reaching Out, mutanen gari ne ke amsa tambaya kyauta, in ka zo su tarbe ka su kai ka har kangon gidan.

Abu Hafsat:
Tambaya: in ta tabbatar da asalin, za ta samu fasfon Ayalan? Don in da wannan ai tafiyar ta biya kuɗinta.

Ɗalibar Galway:
Ba za ta samu ba. Ƙa'idar ita ce kaka ko kakan da aka haifa a tsibirin Ayalan, sai ka yi rajista a littafin haihuwar ƙasashen waje. Babanta ya cancanta, tunda Delia kakarsa ce. Ita kuwa sai in da ya yi rajistar tun kafin a haife ta.

Maman Ikram:
Jama'a na dawo, ku taya mu murna! Mun zauna da ita da kwamfuta har dare ya raba. An samu takardar auren, da sunan uba da na uwa. Kuma wallahi kamar Ɗalibar Galway ta gani a mafarki: akwai ƙanwa da ta sauka Boston a 1909, ta rubuta za ta wurin yayarta, da sunan mijin Delia da layin gidansu. A wurin ɗan uwa a gida ta sa sunan uban da wani wuri kusa da garin Swinford a Mayo, rubutun jagwal amma ya karantu. Muka shiga ƙidayar 1901, ga gidan nan. Uba, uwa, yara biyar da suka rage. Uban bai iya rubutu ba, alamar X ya yi aka shaida masa. An rubuta yana jin yarensu na Ayalan da Turanci. Har takardar gidan akwai: ɗaki biyu, rufin ciyawa, taga biyu a gaba, da garken shanu da na alade a waje. Matar nan ta daɗe tana kallon X ɗin nan.

Amma abu ɗaya ya tsaya mana a rai. A 1901 shekarar uban 58, a 1911 kuma an rubuta 74. Shekara goma ta zama sha shida. Anya gidan ne?

Ɗalibar Galway:
Hahaha, gidan ne Anti, wannan ma ƙarin shaida ce cewa ɗan Ayalan ne na gaske. A Janairun 1909 aka fara biyan fanshon tsofaffi, sule biyar a mako ga wanda ya kai 70. Su kuma waɗannan an haife su kafin 1864, ba takardar haihuwa. Sai rabin tsofaffin ƙasar suka tsufa dare ɗaya. Wasu an binciko musu shekaru a ƙidayar 1841 da 1851, lokacin ba su ƙone ba. Wasu kuma tambayarsu aka riƙa yi ko sun tuna Daren Babbar Iska, guguwar 6 ga Janairu 1839 da ta kwashe rufin gidaje, kamar dai yadda tsofaffinmu ke cewa an haife su shekarar zuwan Sarauniya. Ba kowa ne ya yi ƙarya ba, da yawa ba su san shekarunsu ba tun asali, a 1901 ma kintata suka yi.

Ku koma ta 1911 ku duba layin uwar. A nan an tambayi matan aure shekara nawa da aure, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. In ta ce tara ta haifa, bakwai na raye, ku kuma shida kuka sani, to akwai wanda za ku nema.

Yanzu aiki ya juya. Da baya kuke tafiya, yanzu gaba za ku yi. Wa ya gaji gonar? Bayan babbar yunwar 1845 zuwa 1852 sun daina raba gona tsakanin 'ya'ya, ɗa ɗaya ke ɗauka, a haɗa wa 'ya ɗaya dukiyar aure, sauran su nemi jirgi. Shi ya sa ma 'yan mata marasa aure suka yi ta fita da yawa haka. Ku duba ɗan da ya rage a gidan a 1911, ku nemo aurensa da haihuwar 'ya'yansa. Akwai kuma littattafan ƙiyasin ƙasa da suka biyo bayan babban ƙiyasin Griffith na 1847 zuwa 1864. Duk lokacin da gona ta canja hannu sai a ja layi a kan tsohon suna da tawada mai wani launi, a rubuta sabo da shekara a gefe. Haka za ka bi fili ɗaya daga kaka zuwa jika har cikin shekarun 1970. Na Mayo a Dublin suke.

Kawu Na-Manchester:
Ɗa ɗaya ya kwashe gona, a kora sauran teku. To ai ga abin da nake gudu. Ku da kuke murna, kun san abin da mai gonar zai fara kawowa a ransa in ya ga Ba'amurkiya da takardu a hannu tana tambayar filin kakanta?

Anti Nas:
Nan kam Kawu ka yi gaskiya. Maganar ƙasa a nan ba wasa ba ce, kuma tsofaffi suna da wannan tsoron. Kada ta kuskura ta fara da tambayar gona ko wa ya gaji me. Kuma kada ta faɗo musu ba sallama da mota cike da yara.

Ga yadda na ga ana yi. A nan sanarwar mutuwa abu ne babba, gidan rediyon yankin kullum sai ya karanto, kuma akwai RIP.ie inda za ta sa sunan gidan da garin ta ga wanda ya rasu, da jerin 'ya'ya da surukai da inda suke zaune. Daga nan za ta san ko akwai saura. Sai ta rubuta wasiƙa ta takarda, gajera, da kwafin hoton Delia, da sunan iyayenta, ta ce gaisuwa kawai take so. In ba ta san wa za ta aika wa ba, ta aika wa ofishin cocin yankin su sa a takardar sanarwar Lahadi, ko jaridar Western People. A ƙauye in ka sa suna da taunlan mai kai wasiƙa ya san gidan.

Ta kula da abu ɗaya: taunlan guda sai ka samu gida huɗu masu sunan dangi iri ɗaya, kuma ba lallai 'yan uwan juna ne na kusa ba. Mutanen gari da laƙabi suke bambanta su, su jingina mutum da sunan ubansa da na kakansa. Tsoho ɗaya a bakin coci zai warware mata abin da kwamfuta ba za ta iya ba.

Abu Hafsat:
Duk da haka ni dai a yi wa baban gwajin. In wasiƙa ta je gidan da ba shi ba fa? Jini ba ya ƙarya.

Baban Sadiq:
Tun ɗazu nake karatu ban ce komai ba. Malam Abu Hafsat, rashin ƙaryar tasa ita ce abin tsoron. Ni direban tasi ne a Dublin, ina ɗaukar masu wannan neman daga filin jirgi, ba duka ke komawa da fara'a ba. Ƙasar nan tana da tabon gidajen da ake kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure, a raba su da jariran, wasu a kai su Amurka a ba wasu riƙo. Kun ji labarin Tuam, inda Catherine Corless ta tattaro takardun mutuwar yara 796 da ba a san kabarinsu ba. A 2021 shugaban gwamnati ya nemi gafara a majalisa, a 2022 aka yi dokar da ta ba waɗanda aka yi riƙonsu damar ganin takardun haihuwarsu. To gwajin nan yana iya fito wa gidan da ɗan uwan da tsohuwa ta rufe maganarsa shekara sittin. Wanda zai yi ya shirya wa abin da zai gani, kuma a gaya wa dattijon gaskiya kafin ya tofa yawun.

Abu Hafsat:
To shi wancan ɗan da aka ɓoye ba shi da haƙƙin sanin danginsa? Rufin asirin wa ake yi, nasa ko na waɗanda suka yar da shi?

Baban Sadiq:
Yana da shi, ban ce a hana shi ba. Na ce wanda ya zo gaisuwa daga nesa ba shi ne zai kai labarin ba.

Kawu Na-Manchester:
Yau ga Baban Sadiq ya faɗi abin da ya fi nawa. Ni har yanzu ina nan a kan bakana cewa shayi da hoto za a yi. Amma in za a yi, a yi shi da mutunci. 'Yata Maman Ikram, ki gaya wa yayanki ya raka matarsa, kada ya ce aiki. Kuma kada su je hannu rabbana.

Maman Ikram:
In sha Allahu Kawu, zan gaya masa. Baban nata yana da rai, shekararsa 81, ta ce za ta zauna da shi a kan maganar gwajin, in ya ƙi shi ke nan. Wasiƙar za mu rubuta a ƙarshen mako. Anti Nas, a faɗi a ciki cewa mijinta ɗan Najeriya ne kuma Musulmi, ko a bari sai an haɗu?

Anti Nas:
Ta sa hoton iyalin gaba ɗaya a ciki, har da yaran da sunayensu, ba sai an yi dogon bayani ba. Ta rubuta lambar waya da adireshin gida, don tsofaffin nan ba ruwansu da imel. In wata biyu ya wuce shiru kada ta ce an ƙi ta, wasiƙar na iya zagaya gida uku ana shawarar wanda zai amsa. Swinford ba ta da nisa da ni. Ki turo min sunan taunlan ɗin ta akwatin sirri, kada ki sa a nan, ranar hutuna in leƙa maƙabartar in ɗauko muku hoton duwatsun.